Hanifa ta ce ita sai Spelman: a bar ta ko a hana ta?

Alhaji Sale (Baban Hanifa): Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, don abin nan kwana uku ke nan ya hana ni barci. Hanifa za ta gama sakandare bana, alhamdu lillahi, kuma wuri biyu sun ɗauke ta. Ɗaya babbar jami'ar gwamnati ce a nan jiharmu ta Maryland a Amurka, tafiyar minti arba'in daga gida. Ɗayar kuma Spelman, can Atlanta. Ni ban taɓa jin sunan ba sai a bakinta. Da na bincika sai na ga ashe irin makarantun nan ne na baƙar fata, masu suna HBCU. Na ce mata, 'yar nan, shekara 22 ina riƙe da sitiyari a ƙasar nan don ki zauna aji ɗaya da ɗan kowa, shi ne za ki ɗauki ƙafa ki kai kanki inda aka ware baƙaƙe? Ba ta ce uffan ba, ta shige ɗaki. Uwarta ta ce kada in yanke hukunci sai na ji ta bakin mutane. To ga ni. Likita take so ta zama.

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya albarka. Ni dai ba zan ɓoye maka ba, ina bayanka. Ka ajiye maganar launin fata gefe, ka ɗauko takardun tallafin da kowace makaranta ta aiko, ka cire abin da suka ba ta kyauta daga jimillar kuɗin, ka ga nawa ya rage a wuyanka. Kuma ka lura, suna cusa rance a cikin lissafin kamar kyauta ne. In ka ga an rubuta Parent PLUS, wannan bashi ne da sunanka kai, ba da sunanta ba. Spelman mai zaman kanta ce, jami'ar jiha kuwa kuɗin ɗan gida za ku biya. Likitanci a nan shekara huɗu ne na digirin farko, sannan a shiga wasu huɗun na makarantar likitanci, kuma can ne babban bashin yake jira. Wanda zai yi tafiya mai nisa ba ya ƙarar da guzurinsa a zangon farko.

Malam Tanko: Alhaji, ranka ya daɗe, kafin a shiga lissafi bari in gyara kalma ɗaya, wato "ware". Makarantun nan ba a gina su don a hana kowa shiga ba. An gina su ne saboda an rufe wa baƙar fata sauran ƙofofin. A jihohin kudu da dama, musamman bayan boren Nat Turner na 1831, laifi ne a doka ka koya wa bawa karatu. Ta farkonsu, wadda yau ake kira Cheyney a Pennsylvania, a 1837 aka kafa ta da dala 10,000 da wani Bature ɗan ɗariƙar Quaker, Richard Humphreys, ya bari a wasiyya. Sai Lincoln a 1854, sai Wilberforce a 1856. Yawancinsu kuwa bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865 suka ɓullo, lokacin da mutum kusan miliyan huɗu suka fita daga bauta, galibinsu ko baƙi ba su iya haɗawa ba.

Ita Spelman ɗin da Hanifa ke so, a 1881 wasu malamai mata biyu, Sophia Packard da Harriet Giles, suka fara ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani coci, da ɗalibai 11, yawancinsu manyan mata ne da aka haifa cikin bauta. A shekarar dai Booker T. Washington ya buɗe Tuskegee a Alabama, inda ɗalibai da hannunsu suka riƙa buga bulo suna gina azuzuwan da za su zauna. Fisk kuma da kuɗi suka ƙare mata a 1871, ɗalibanta ta tura yawon waƙa, har gaban Sarauniya Victoria suka je a Ingila, da kuɗin waƙar aka gina babban ɗakin da har yau yake tsaye.

Ga kuma wanda ya shafe ka kai mazaunin Maryland. Thurgood Marshall ɗan Baltimore ne, amma makarantar lauyoyi ta jiharsa ba ta ɗaukar baƙar fata a zamaninsa. Kullum sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Howard a Washington. Ya gama a 1933, bayan shekara biyu ya shiga kotu ya sa aka tilasta wa makarantar can ta ɗauki wani ɗalibi baƙi, a 1954 kuma ya jagoranci lauyoyin da suka ci shari'ar Brown wadda ta haramta raba makarantu. Wato wannan zama aji ɗaya da ɗan kowa da kake faɗa, ɗaliban makarantun nan ne suka ƙwato shi.

Baba Issaka (Bronx): Malam Tanko ka manta namu. Mu 'yan zangon Kumasi tun muna yara muke jin sunan Lincoln, saboda Kwame Nkrumah can ya yi karatu, ya gama a 1939. Kuma ranar da Ghana ta samu 'yanci a 1957, Martin Luther King yana Accra, shi kuma a Morehouse ya yi karatu, wata HBCU da ke Atlanta. Dangantakar ta daɗe, ba yau aka fara ba.

Malam Tanko: Ban manta ba Baba, numfashi nake ja. Ai kafin Nkrumah akwai Azikiwe, haifaffen Zungeru, wanda da Hausa a bakinsa ya tashi. Ya zo a 1925, ya fara da Storer College, ya ratsa Howard, ya gama Lincoln a 1930, shekara ɗaya da Marshall. Banda na Malawi ma a Meharry ya zama likita.

Injiniya Kabiru: Malam, duk na yarda, kuma Allah ya saka musu. Amma tarihi ba ya biyan kuɗin makaranta. Tunda ka ambaci Storer, gaya wa Alhaji ƙarshenta. An ci shari'ar Brown a 1954, jihar ta janye tallafi, a 1955 aka rufe ta. Su kansu baƙaƙen Amurka fa? A 1976 kashi 18 cikin ɗari na ɗalibansu ne ke waɗannan makarantu, yanzu bai wuce kashi 9 ba. Da ƙofa ta buɗe, tara cikin goma wani wurin suke zuwa. Mu da muka zo jiya ne za mu fi su kishin abin?

Sannan a duba aljihu. Harvard tana da waƙafi na sama da dala biliyan 50. Howard, wadda ta fi duk HBCU dukiya, nata bai wuce biliyan ɗaya da wani abu ba in ma ya kai. Kuɗin nan shi ne ɗakin gwaje-gwaje, shi ne albashin malami, shi ne tallafin ɗalibi. Morris Brown a Atlantar nan aka janye mata amincewar hukumar tantancewa a 2002, sai bayan shekara 20 ta dawo da ita. Saint Paul's ta Virginia ta rufe a 2013. Iyayen yaran da ke ciki lokacin su ma an ba su labarin tarihi.

Dokta Maryam: Yaya Kabiru, bari in ba da nawa labarin, don ni na ɗanɗana duka biyun.

Ina 'yar shekara 15 aka kawo ni ƙasar nan. Na fara karatu a wata babbar jami'a, ba sai na kama suna ba. Ajin kemistiri na shekarar farko mun haura mutum 300 a ɗaki guda, malamin sai ta lasifika muke jin sa. A ɗakin gwaje-gwaje ni kaɗai ce baƙa, ni kaɗai ce mai hijabi. In aka ce kowa ya nemi abokin aiki, sai in tsaya riƙe da tabarau na kariya ina kallo har kowa ya samu nasa, sannan mai kula da mu ya haɗa ni da wanda ya makara. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ce min komai. Amma ko tambaya ba na iya yi, don ina jin in na yi tambayar wauta ba Maryam ce ta yi ba, duk baƙar fata ne da duk Musulmi suka yi. Na samu C a jarrabawar farko. Na je wurin mai ba ɗalibai shawara, ko minti biyar ban yi a kujera ba ta ce min likitanci ba na kowa ba ne, in duba aikin nas.

A shekara ta biyu na koma wata HBCU a kudu. Ginin sashen kimiyyarsu bai kama ƙafar wanda na baro ba, wallahi wasu kayan aikin sun girme ni. Amma mako na uku zazzaɓi ya kwantar da ni na rasa aji biyu, sai ga waya daga farfesar da kanta: "Ina kika shiga?" Da na koma ta ajiye takardata a tebur, duk ta yi mata ja da biro, ta ce wannan ba aikin mai son zama likita ba ne, in sake, in kawo ranar Litinin. Ba lallashi ta yi min ba, faɗa ta yi min. Bambancin shi ne waccan ta ga C ta yanke cewa iyakata ke nan, wannan ta ga C ta yanke cewa wasa nake yi.

Abin da nake so Alhaji ya gane, makarantar likitanci ba ta tambayar girman ginin da ka fito. Makinka take dubawa, da jarrabawar shiga likitanci ta MCAT, da wasiƙun malaman da suka san ka. Yara da yawa ba a ƙofar makarantar likitanci suke faɗuwa ba, a ajin kemistirin nan na mutum 300 ake zubar da su. Shi ya sa ƙaramar makaranta irin Xavier ta New Orleans, wadda ɗalibanta ba su wuce 'yan dubbai ba, ta yi shekaru tana sahun gaba a duk ƙasar wajen tura baƙar fata makarantun likitanci. Spelman ma sunanta ya fito wajen yawan matan da ke wucewa su yi digirin digirgir a kimiyya.

Hajiya Rabi (New Mexico): Dokta, a yi mana a hankali, mu nas ba mu mutu ba!

Dokta Maryam: Tuba nake Anti Rabi! Wallahi ba don ku ba da mu likitoci mun kashe mutane da yawa. Ba aikin ne ya ɓata min rai ba, yadda ta zaɓa min shi ba tare da ta san ni ba.

Hajiya Rabi (New Mexico): Na yafe. Tunda na shigo bari in ƙara wani abu, don kamar ana ɗauka baƙar fata kaɗai ke da irin makarantun nan. Ni shekara takwas ina aiki a asibitin da yawancin marasa lafiyarmu 'yan ƙabilar Navajo ne. Suna da kwalejinsu, Diné College, tun 1968, ita ce ta farko da wata ƙabila ta kafa da kanta, yanzu kuma irinta sun haura 30. Su nasu ciwon daban ne. Ba hana su boko aka yi ba, da ƙarfi aka riƙa kwashe 'ya'yansu ana kaiwa makarantun kwana irin Carlisle da aka buɗe a 1879, a aske musu gashi, a canja musu suna, a doki wanda ya yi yarensu. Don haka da suka samu tasu, harshen suka fara sa wa a manhaja.

Amfanin kuwa a gadon asibiti nake ganin sa. Tsohuwa za ta zo, ba ta jin Turanci sosai, mu yi ta fama. Sai yarinyar da ta yi karatu a kwalejin gida ta shigo, ta gaishe ta, ta faɗi danginta na uwa da na uba yadda suke yi, nan take ka ga tsohuwar ta saki jiki ta faɗi ainihin abin da ke damunta. Mu baƙi muna zuwa mu yi shekara biyu uku mu tafi. Waɗannan nan za su tsufa. Akwai kuma na masu jin Sifaniyanci, amma su ba tarihi ne ya ba su sunan ba, ƙidaya ce: in kashi 25 cikin ɗari na ɗalibanka su ne, ka shiga layi. Shi ya sa suka kai ɗaruruwa.

Abu Fatima (Kano): Ina bin ku daga gida. Wai wannan ba shi ne irin namu na kason jihohin da aka bari a baya a ilimi ba? Kashi 45 cancanta, 35 'yan yanki, 20 na jihohin da ke baya. Ko makarantun 'ya'yan makiyaya da aka kafa wa hukuma a 1989.

Malam Tanko: Sun yi kama ta wani gefe, Abu Fatima, amma kada mu ja zaren ya tsinke. Mu ba tsiraru ba ne a ƙasarmu, kuma muna da karatunmu na allo da na zaure kafin Bature ya zo. Wanda ya fi kama da kason da kake faɗa shi ne la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a manyan jami'o'i, kuma Kotun Ƙoli ta soke wannan a watan Yunin 2023 a shari'ar Harvard da North Carolina. HBCU ba kaso ba ce, makaranta ce sukutum, kuma ƙofarta a buɗe take ga kowa. Kusan ɗaya cikin huɗu na ɗalibansu yau ba baƙar fata ba ne. West Virginia State, inda Katherine Johnson mai yi wa NASA lissafi ta gama a 1937, yanzu Turawa sun fi yawa a cikinta.

Injiniya kuma, maganar kuɗi da ka kawo gaskiya ce, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Talaucin nan ba daga sama ya faɗo ba. Dokar Morrill ta 1890 ta ce wa jihohin kudu, ko ku ɗauki baƙar fata a kwalejojinku na noma da fasaha, ko ku gina musu nasu ku raba kuɗin da adalci. Suka gina, suka ƙi rabawa. A 2023 ministocin ilimi da na noma suka rubuta wa gwamnoni 16 cewa cikin kimanin shekara 30 kacal an tauye wa makarantun nan sama da dala biliyan 12. Tennessee State ita kaɗai sama da biliyan 2. A Maryland ɗin Alhaji, an shigar da ƙara a 2006, aka yi shekara 15 ana bugawa, sai a 2021 jihar ta yarda za ta biya dala miliyan 577 ga Morgan da Coppin da Bowie da ta Eastern Shore. Dabarar da kotu ta kama su da ita ma abin lura ce: in HBCU ta buɗe wani kwas mai jan ɗalibai, sai a buɗe irinsa a jami'ar da ke kusa da ita, ɗalibai su kwashe can. Ka hana doki harawa, ka dawo kana cewa ba ya gudu.

Injiniya Kabiru: To ai Malam ka ƙarfafa min gwiwa ne. Na yarda zalunci aka yi wa dokin. Amma Alhaji doki zai hau ya kai 'yarsa gari, ba shari'ar harawa ya zo yi ba. Me ya sa Hanifa ce za ta biya bashin da gwamnoni suka ci?

Zainab A.: Salam iyayena. Ku yi haƙuri da Hausata, a nan aka haife ni. Ina shekarar ƙarshe a wata HBCU, ba Spelman ba. Kawu Kabiru bai yi ƙarya ba. Shekarata ta farko tallafina bai fito ba har wata biyu, kullum ina layi a ofishin kuɗi, wannan ta tura ni wurin waccan, har aka kusa cire ni daga azuzuwa. Ɗakin kwananmu na'urar sanyi ta mutu a watan Agusta, muka sayi fanka. Mamana ta zo ta gani ta ce ko a gida ba ta ga haka ba. Duk wanda ya ce muku aljanna ce bai zauna ba.

Amma akwai abin da ban ji kowa ya faɗa ba. A gida an tashe mu ana ce mana mu ba irin baƙaƙen nan ba ne, kada mu bi su, ba sa son karatu. Ku yafe min, amma haka ake faɗa. Na zo nan na tarar da yarinyar da kakarta ta yi makarantar nan, uwarta ma ta yi, likitoci ne tun kafin babana ya ga jirgin sama. Na tarar da 'yan Jamaika, 'yan Haiti, 'yan Habasha, 'yan ƙauyen Mississippi, masu kuɗi da talakawa, masu addini da marasa yi. A sakandare ni ce "baƙar yarinyar nan mai ƙoƙari". A nan kowa baƙi ne, kowa mai ƙoƙari ne, dole na nemo ko ni wace ce ban da wannan.

Kuma a aji na fara sanin cewa dokar shige da fice ta 1965, wadda ta soke tsarin da ya fifita Turawan Yammacin Turai, a kan guguwar gwagwarmayar mutanen nan ta zo. Na kira babana na ce, Baba, ka san bizarka akwai jinin wasu a ciki? Ya ce in daina yi masa rashin kunya. Bayan kwana biyu ya kira ya ce in turo masa abin da na karanta.

Ba kullum ake shan zuma ba. Akwai waɗanda suka ce min mu 'yan Afirka muna zuwa muna cin abin da ba mu shuka ba. Ya yi min zafi, amma mun zauna mun yi maganar, ido da ido.

Musa na Damagaram (Greensboro): Madalla da ke 'yata, Hausarki ta fi ta 'ya'yana. Alhaji, mu nan Greensboro 'yan Nijar muna da yawa, kuma jami'ar A&T a tsakiyarmu take, ita ce mafi girma a duk HBCU. Yaranmu da dama can suke, injiniyoyi take fitarwa kamar me. Ni ina ɗaukar fasinja, kullum sai na wuce gaban mutum-mutumin yaran nan huɗu da suka je kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairun 1960 suka zauna a kujerun da aka ce na Turawa ne, suka ƙi tashi. 'Yan shekarar farko ne fa, sa'annin Hanifa. Kantin yanzu gidan tarihi ne. Makon Homecoming kuwa, lokacin da tsofaffin ɗalibai ke dawowa, ko ɗakin otal ba ka samu. Na ɗauki wani tsoho da sanda, ya ce shekara 50 bai taɓa fashi ba. A motata ya karɓi lambar wani yaro da muka ɗauka tare, ya ce ya turo masa takardunsa akwai aiki a kamfaninsu. Injiniya, wannan a wane layi na takardar tallafin ake rubuta shi?

Injiniya Kabiru: Musa ka kama ni a nan. Amma manyan jami'o'in ma suna da tsofaffin ɗalibai, har sun fi kuɗi.

Dokta Maryam: Suna da su Yaya, sai dai ko za su karɓi lambarka. Ni ban ce duk HBCU ɗaya ba ne. Sun kai 100, akwai masu ƙarfi akwai masu numfashi da ƙyar. Alhaji ya tambayi ita wannan ɗin: cikin waɗanda suka shiga nawa ke gamawa, cikin masu neman likitanci nawa ake ɗauka, wa zai rubuta mata wasiƙa. Ya yi wa jami'ar jihar ma tambayoyin nan. Kuma in bambancin kuɗin zai sa ya ci bashin da zai hana ƙannenta karatu, ni da kaina zan kira Hanifa in ba ta haƙuri. Abin da ba na so shi ne a hana ta don ana ganin makarantar ta 'yan baya ce. A 1910 rahoton Flexner ya yi sanadin rufe biyar daga cikin makarantun likitanci bakwai na baƙar fata, Howard da Meharry kaɗai suka tsira, kuma su biyun nan suka riƙe kusan duk likitocin baƙar fata na ƙasar shekara da shekaru. Har yau baƙar fata ba su wuce kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na likitoci ba, alhali sun kai kashi 13 na jama'a. Ina ganin fuskar majiyyaci in na shigo ɗaki ya gane ni ce likitar.

Alhaji Sale (Baban Hanifa): Na karanta duka, har sau biyu. Zainab, Allah ya yi miki albarka, maganar da kika ce ana faɗa a gida, ni ma na faɗe ta a gidana ba sau ɗaya ba. Saura abu guda. Malam ya ce a coci aka fara makarantar. Mu da muka tashi ana gudun makarantar mishan, yaya maganar sallarta da hijabinta da abincinta?

Zainab A.: Baba, asalin ne kawai, ba wanda zai hana ta salla ko hijabi. Atlanta cike take da Musulmi, akwai Masallacin Al-Farooq, unguwar West End kuma da ke jikin makarantar akwai tsohuwar al'ummar Musulmi baƙar fata. Abinci ne sai ta yi tambaya ta kuma yi dabara. Ta nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi tun kafin ta je. Kuma ai mata zalla ce.

Alhaji Sale (Baban Hanifa): Mata zalla? Yarinyar nan ba ta gaya min ba! Ai da ta fara da wannan.

Baba Issaka (Bronx): Alhaji kada ka yi saurin murna. Morehouse ta maza zalla tana tsallaken titi, ɗakin karatu ma ɗaya suke shiga.

Alhaji Sale (Baban Hanifa): Baba Issaka ka ɓata min lissafi.

Hajiya Rabi (New Mexico): Jami'ar jihar kuma aljanu ne a cikinta, ba maza? Alhaji tarbiyyar da kuka yi mata ita za ta bi ta ko'ina.

Alhaji Sale (Baban Hanifa): To. Jiya da dare mun baje takardun a tebur ni da ita da uwarta, yadda Injiniya ya ce. Bambancin yana da yawa, ba zan ɓoye ba, kuma Parent PLUS ɗin yana nan a ciki, ban ma lura da shi ba da farko. Na ce mata ba zan sa hannu a wannan ba. Ta ce akwai wasiƙar roƙon ƙari da ake rubuta wa ofishin tallafi, kuma ta riga ta nemi tallafin karatu guda biyu daga UNCF, asusun da ke tallafa wa ɗalibai baƙar fata, ba ta gaya min ba. Dokta, in ba damuwa zan ba ta lambarki ki duba mata wasiƙar. Sai 1 ga Mayu ne za a ba da amsa, don haka ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu kama hanya mu uku mu gano wurin da idonmu, an ce tafiyar awa goma ce. Ban ce na yarda ba.

Dokta Maryam: Ta turo yau, ina gida bayan isha'i.

Musa na Damagaram (Greensboro): Alhaji in ta babbar hanya mai lamba 85 za ku bi, ta ƙofar gidana za ku wuce. Ku taso da asuba ku yi azahar a nan, uwargida za ta yi dambu. In kun ci sai in zagaya da Hanifa ta ga kujerun Woolworth ɗin, minti goma ne daga gida.